Kunne Ya Girmi Kumbo

Ran nan da dare muna zaune wurin mai shayin bakin ƙofar kwalejin nan, sai gardama ta ɓarke. Abin da ya jawo ta kuwa, wani shiri ne da aka yi a rediyo game da madubin hangen taurarin nan mai suna James Webb, wanda aka harba sama ran 25 ga Disamba 2021. Aka ce kuɗin da ya ci sun kai dala miliyan dubu 10. Wani abokina, wanda ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, ya dire kofi ya ce, "Wannan ai ƙona dukiya ne. Mutane na kwana da yunwa, su kuwa suna leƙen taurari!" Kowa ya ce haka ne. Baba mai shayi dai bai ce uffan ba, yana can yana murɗa akwatinsa, don tashar ta fara nutsewa cikin ƙarar nan ta shuuu. Da ya kamo ta sai ya dubo ni ya ce, "Ɗana, ku da ku ke karatu, shi wannan shuuu ɗin daga ina ya ke zuwa?"

Na buɗe baki, na rufe. Na ce masa iska ce. Ya ce, "To." Amma daga irin "to" ɗin na san bai saya ba, ni ma kuwa ban sayar da gaskiya ba.

Kunyar nan ce ta kai ni ɗakin karatu, na yi makonni ina tono. Abin da na samo shi na ke so in shimfiɗa wa jama'ar kwalejin nan, gama ya sauya mini ra'ayi. A ganina abokina ya yi kuskure inda ya ɗauka binciken sama wasan masu kuɗi ne wanda bai shafe mu ba. Amma yana da gaskiya a wani wuri da shi kansa bai lura ba, zan kuwa zo kansa.

Mu fara da akwatin Baba. Sa'ad da mai karanta labarai ya yi magana, iska bakinsa ke kaɗawa. Makirufo ya karɓi kaɗawar nan ya mai da ita motsin lantarki. To, motsin nan gurgu ne, ba ya iya zuwa ko'ina shi kaɗai. Saboda haka kowace tasha tana da abin hawanta, watau wata igiya ta lantarki da maganaɗisu wadda na'ura ke kaɗawa sau dubbai ko miliyoyi cikin sakan guda. Bisa igiyar nan a ke labta murya kamar yadda a ke labta wa jaki kaya, sa'an nan doguwar eriyar tasha ta sake ta. Sai dai jakin nan gudun haske gare shi, kilomita 300,000 cikin sakan ɗaya. Ita kuwa eriyar akwatinka ba ta da zaɓi, duk igiyar da ta zo wucewa sai ta taɓa ta, ta kusa da ta nesa. Murɗawar da Baba ke yi tankaɗe ne, yana tace guda ɗaya daga cikin ɗaruruwa. Daga nan akwatin ya sauke kayan, ya sallami jakin, ya ƙara wa muryar ƙarfi da batir, lasifika ta sake kaɗa iska, kunne ya ji. Mitocin nan da mu ke ji ana faɗi, mita 31 ko mita 49 a gajeren zango, tsawon taki ɗaya ne na igiyar. Ta mita 31 tana kaɗawa wajen sau miliyan 9 da rabi cikin sakan.

Wani Bature ɗan Sikotlan, James Clerk Maxwell, shi ya fara gano da lissafi, wajen 1865, cewa lalle akwai irin igiyar nan. Heinrich Hertz na Jamus ya nuna ta a ɗakin gwaji a 1887. Sa'an nan ran 12 ga Disamba 1901 Marconi ɗan Italiya ya ba da labarin ya ji ɗigo uku na harafin S, waɗanda aka bugo daga Ingila, shi kuwa yana hayin teku, a wani wuri da a yau ke cikin Kanada. Masana suka rasa ta cewa. Igiya miƙe ta ke tafiya, duniya kuwa ƙwallo ce, yaya aka yi ta sha kwana?

Amsar tana bisa kanmu. Can sama akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cika shi da lantarki, shi ke maido da igiyar ƙasa kamar yadda bango ke maido da ƙwallo. Wanda ya tabbatar da wannan shi ne Edward Appleton, a 1924. Ina so mai karatu ya lura da kayan aikinsa: tashar watsa shirye-shirye ta BBC da ke Bournemouth ya roƙa, bayan an rufe shirin dare, aka riƙa sauya masa tsawon igiya a hankali yana sauraro daga Oxford. Da haka ya auna tsayin rufin, wajen kilomita 100. Watau tun ba a yi roka mai kai wa can ba, tashar rediyo ta riga ta zama ma'aunin sama. Rufin nan ne dalilin da ya sa tashoshin matsakaicin zango na nesa, waɗanda ba a ji da rana, su kan fito da dare. Da rana akwai wani sashe na ƙasa-ƙasa mai shanye igiyar, in rana ta faɗi sai ya watse, igiyar ta sami hanya zuwa sashen da ke maido da ita. Tashoshin FM kuwa igiyarsu gajeriya ce ƙwarai, huda rufin ta ke yi ta wuce, shi ya sa ba su nisa. Abin da ya zama aibi ga mai sauraro a ƙauye shi ya zama alheri ga mai son magana da kumbo.

Yanzu ga tambayar Baba. Ashe ba shi ya fara yin ta ba. Kamfanin wayar tarho na Bell a Amurka ya sa wani saurayin injiniya, Karl Jansky, ya binciko abin da ke kawo ƙara cikin tarhon rediyo da a ke yi tsakanin Amurka da Turai. Ya haɗa wata eriya mai tsawon wajen mita 30, ya ɗora ta bisa tayoyin tsohuwar mota ƙirar Ford don ta riƙa juyawa. Ya zauna yana sauraron ƙara wata da watanni. Ya rarrabe ta kashi uku. Ta farko tsawa ce ta kusa, ta biyu tsawa ce ta nesa. Ta uku wata siririyar shuuu ce wadda ba ta yankewa, tana ƙaruwa tana raguwa sau ɗaya kowace rana. Da fari ya zaci rana ce. Amma da ya ci gaba da rubuta lokaci, sai ya ga ba awa 24 ta ke yi kafin ta komo ba, awa 23 ne da minti 56. Minti huɗun nan su suka tona asiri. Duk tsohon manomin da ke duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin lokacin shuka ya san taurari su kan riga jiya fitowa kaɗan-kaɗan kowane dare. Agogon taurari ke nan, ba na rana ba. Jansky ya bi sawun ƙarar har ya kai ta tsakiyar farar hanyar nan ta taurari wadda ke ratsa sama a daren da babu wata. Ya ba da sanarwa a 1933.

Kai, ni abin nan ya tsaya mini a rai. An aiki mutum ya share datti, sai ya tarar dattin saƙo ne. Kamfanin bai ga riba a ciki ba, aka ba shi wani aikin. Manyan masu ilmin taurari ma ba su kula ba, don su madubi suka sani, ba su san waya ba. Wanda ya ɗauki maganar wani mai sha'awar rediyo ne, Grote Reber, wanda a 1937 ya ƙera kaskon ƙarfe mai faɗin mita 9 da kuɗin aljihunsa a bayan gidan uwarsa, kusa da Chicago. Ya yi shekaru shi kaɗai ne a duniya ke wannan sana'a, da dare ya ke aiki don ƙarar motocin unguwa na dame masa sauraro da rana.

Don kada in yi wa Baba ƙarin gishiri, yawancin shuuu ɗin akwatinsa daga tsawa ne, da janaretocin maƙwabta, da ɗumin kayan cikin akwatin kansa. Amma a gajeren zango akwai ɗan rabon taurari a ciki. Na koma na gaya masa haka, ya yi dariya ya ce ashe shekara talatin yana sauraron sama bai sani ba.

Labarin bai ƙare a kan Jansky ba. A 1964 waɗansu mutum biyu na kamfanin nan dai, Penzias da Wilson, suka yi ta fama da wata ƙara a eriyarsu wadda ke zuwa daga kowace fuska. Har tattabarun da suka yi sheƙa a ciki suka kora, suka wanke kashinsu, ƙara ba ta tafi ba. Daga baya aka gane sauran ɗumi ne da ya rage tun farkon kasancewar sararin sama, aka ba su lambar Nobel a 1978. A 1967 kuma wata ɗaliba a Cambridge, Jocelyn Bell, ta ga wani ɗan tabo a doguwar takardar da na'ura ke zanawa, ta ƙi ta yar da shi. Ashe wani mataccen tauraro ne mai juyawa, yana bugawa kowane sakan ɗaya da sulusi. Abin da ba a cika faɗa mana ba shi ne, kafin ita akwai wani ɗan Nijeriya a wannan ɗakin binciken, Samuel Okoye, wanda shi da malaminsa Antony Hewish suka gano wani ɗan wuri mai tsananin ƙarar rediyo cikin gajimaren taurarin da a ke kira Ƙaguwa, suka buga a 1965. Bayan shekara uku aka tabbatar irin wannan tauraron ne. Okoye ya komo gida ya koyar a Nsukka. Ɗalibai nawa ne a kwalejin nan suka taɓa jin sunansa? Ni dai sai bana.

To, kumbo fa? Tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, wanda Rasha ta harba ran 4 ga Oktoba 1957, ba kome ba ne illa ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 83, da batir, da eriya huɗu, da na'urar rediyo mai cewa ƙit, ƙit, ƙit a kan mita 15 da mita 7 da rabi. Ba shi da madubi, ba ya ɗaukar hoto. Mako uku ya yi yana kuka batir ya ƙare. Amma masu akwatin gajeren zango ko'ina a duniya sun ji shi, da haka kowa ya gaskata. Da bebe ne, da har yau ana gardama ko an harba shi. Kumbon da ba a jinsa a ƙasa dutse ne kawai aka jefa sama.

Saboda haka duk mai kumbo yana bukatar kunnuwa a ƙasa, a nan ne kuwa ƙasarmu ta shigo labarin. Sa'ad da Amurka ta fara aika mutane su kewaya duniya, ta kafa tashoshin sauraro a wurare dabam-dabam don kada muryar matuƙin ta ɓace, ɗaya daga cikinsu a Kano. John Glenn ya yi magana da ita ran 20 ga Fabrairu 1962 yana wucewa bisa Afirka. Ran 23 ga Agusta 1963 kuma Shugaba Kennedy ya yi magana da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron Syncom 2, karo na farko ke nan da shugabannin ƙasashe biyu suka zanta ta wannan hanya. Kaskon da ya karɓi muryar yana bisa wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Mu kan yi alfahari da labaran nan biyu, ni ma ina yi. Amma a lura: ƙasa tamu ce, kunne nasu ne. Da aiki ya ƙare jirgin ya ɗaga anga ya tafi da kaskonsa.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Voyager 1. An harba shi ran 5 ga Satumba 1977, ya wuce ta Mushtari da Zuhal ya aiko hotunansu, ya ci gaba. A 2024 nisansa ya haura kilomita miliyan dubu 24. Ƙarfin na'urarsa ta aika saƙo wajen wat 23 ne, bai kai ƙwan lantarkin da kakanninmu suka sani ba. Yaya a ke jin wannan raɗa? Da kasake masu faɗin mita 70, ɗaya a Kalifoniya, ɗaya kusa da Madrid, ɗaya kusa da Kanbera ta Ostareliya, an rarraba su don duk yadda duniya ta juya a sami mai fuskantar sama ta wajen da a ke so. Ana sanyaya na'urar karɓa ƙwarai da gaske, don kada shuuu nata na kanta ya danne saƙon. Wannan fa ita ce matsalar Baba mai shayi, girma kawai ta yi.

A watan Nuwamba 2023 kumbon nan ya fara aiko shirme. Injiniyoyi suka yi wata biyar suna bincike, suka gano wani ɗan ƙwayar ajiya ne cikin kwamfutarsa ya mutu. Babu mai zuwa can da sukudireba. Sai suka yayyanka umarnin da ke cikin wurin da ya lalace, suka rarraba shi a sauran wuraren da ke da lafiya, duk ta rediyo. Kowane saƙo sai ya yi awa 22 da rabi kafin ya isa, amsa ma haka. A watan Afrilu 2024 kumbo ya dawo hayyacinsa. Na'ura mai shekara 46! Abin da ya cece ta ba sabon kuɗi ba ne, mutane ne da suka san cikinta kamar yunwar cikinsu.

Ga inda abokina ke da gaskiya. Akwai ƙona dukiya a harkar sama, amma ba wurin masu leƙen taurari ta ke ba. Tana wurin wanda ya sayi abin da bai san cikinsa ba. Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin sama a 1999, aka harba mata tauraro na farko daga Rasha a 2003. A watan Mayu 2007 aka harba NigComSat-1, na sadarwa, wanda aka ƙera a ƙasar Sin. A watan Nuwamba 2008 ya mutu saboda fikafikansa na karɓar hasken rana sun lalace, aka maye gurbinsa a Disamba 2011. Ba na cewa da mu muka ƙera shi da bai mutu ba, taurarin manyan ƙasashe ma suna mutuwa. Abin da na ke cewa shi ne, in na maƙeri ya lalace ya koyi darasi, in na mai saye ya lalace sai jiran wani. Shi ya sa a wurina ƙaramin tauraron nan NigeriaSat-X, wanda injiniyoyinmu suka haɗa da hannunsu a Ingila aka harba a Agusta 2011, ya fi manyan daraja, ko da ya ke ba a yi masa kiɗa kamar su ba.

Dubi kuma abin da Gana ta yi. Tana da tsohon kaskon sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse, kusa da Ankara, wanda wayoyin ƙarƙashin teku suka kashe wa kasuwa. Maimakon a sayar wa 'yan gwangwan, sai aka gyara shi tare da taimakon Afirka ta Kudu, aka buɗe shi a 2017 a matsayin kunnen sauraron taurari, matasan ƙasar suna koyon aiki a kansa. Mu ma mun yi irin waɗannan tashoshi, ta Lanlate a ƙasar Oyo tun 1971 aka buɗe ta. Ra'ayina shi ne, kafin a sake zancen sayen sabon tauraro, a fara tambaya kunnuwa nawa mu ke da su a ƙasa, da mutum nawa ne za su iya kwance su su ɗaura.

Wani zai ce, to, mai yunwa fa, me sauraron taurari zai ba shi? Ba zan yi masa ƙarya in ce tuwo ba. Amma yaron da ya iya tsamo raɗar tauraro daga cikin ƙara, shi ne dai zai iya gyara na'urar tashar jiharsu in ta mutu, da hasumiyar wayar salula, da na'urar hangen jirage a filin jirgin sama, da mai karɓar hoton hadari daga sama don a gaya wa manomi yaushe ruwa zai sauka. Sana'a ɗaya ce. Wani kuma zai ce zamanin rediyo ya wuce, yanzu waya a ke yayi. Wayar da ke aljihunsa rediyo ce mai ji da magana, har guda huɗu ko biyar cikin kwanso ɗaya, ɗaya daga ciki ma taurarin GPS ta ke sauraro daga nisan kilomita 20,000.

Ba na son in tsaya ga ba gwamnati shawara, don ba ta karanta mujallar nan. Akwai abin da mu za mu iya. A bayan ɗakin kwananmu akwai tsohon kwanon talabijin, wanda mu ke kira dish, an yar da shi tsatsa na ci. In aka haɗa shi da ɗan kan nan nasa mai karɓar igiya, da ƙaramin ma'aunin da masu kafa dish ke neman tauraro da shi, da batir, an sami kunnen sauraron sama. A fuskantar da shi ga sararin da babu kome, allura ta kwanta. A juya shi sannu zuwa rana, allura ta tashi, don rana ma tana watsa igiyar rediyo. Kada kowa ya dubi ranar da ido, inuwar kan da ke faɗowa bisa kwanon ita za ta nuna an daidaita. In mutum ya tsaya a gabansa ma allurar za ta motsa, gama duk jiki mai ɗumi yana fid da tasa igiyar.

Na riga na yi magana da wani mai kafa dish a Sabo, ya ce zai ara mana ma'auninsa in dai za mu maido da shi kafin magariba. Sauran batir da mutum biyu masu riƙe kwano. Mun sa ranar Asabar mai zuwa da hantsi, a filin ƙwallo. Abokina mai gardama ya ce zai zo don ya ga ƙarshen ƙarya. Baba mai shayi kuwa ya ce in an gama da rana, shi za a fara aunawa.